Kawu Ya Daina Mutuwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutuwa ce sana'arsa. A fim nake nufi. Ya haura shekara ashirin yana yin ta, har abin ya daina ba kowa dariya a gidan. Idan baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi maigidan, matarsa, wadda muke kira Anti, takan amsa daga kicin ba tare da ta leƙo ba: "Ya tafi a kashe shi. Sai yamma."

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin faɗa ya san irin mutanen, ko da bai taɓa riƙe fuskar ɗayansu ba. Akwai akta, wanda ba ya mutuwa. Akwai bos, wanda ba ya mutuwa sai a ƙarshe. Sannan akwai yaran bos, waɗanda ke tsayawa a bayansa sun harɗe hannu, in faɗa ya tashi su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin ganin likita, kowa ya karɓi rabonsa ya kwanta. Kawu a cikinsu yake. Maganar da ya fi yi a fim ita ce "Ga shi can!" Jefi-jefi kuma "An gama, oga." 'Yan sana'ar suna kiransa Sha-Kashi, kuma da sunan yake amsa waya.

Na zauna a gidansu lokacin da nake jami'a, don ya fi namu kusa da makaranta, da na gama kuma ban tashi ba. Ɗaki biyu ne da falo a saman wani shagon gyaran firji. A siririn lungun da ke tsakanin falo da banɗaki akwai wata tsohuwar katifa jingine da bango, an ɗaure gefenta da salatif. Ba a kwana a kanta ko da baƙi sun cika gidan. Katifar aiki ce. A ƙusar da ke samanta yake rataye robobin da yake ɗaurawa a gwiwa, kuma lungun kullum warin man zafi yake yi.

Ni ba mai yawan magana ba ce, shi kuma ba ya son a katse shi, sai zamanmu ya zo daidai. A makaranta an koya mana raba finafinan faɗa gida-gida: na 'yan sanda da ɓarayi, na yaƙi, na ramuwar gayya, na kareti, na takobi. Kawu ma yana raba su, sai dai shi da irin mutuwar yake rabawa.

"Na bindiga mutuwar gaggawa ce," ya ce mini wata rana yana shafa mai a kafaɗa. "Ƙirji ya fara, ƙafa ta biyo, ka yi baya. Ba a tsayawa yanga, akta na da sauran mutane a gaba. Na takobi kuwa mutuwar manya ce. Ka durƙusa tukuna, ka dubi cikinka, ka dubi wanda ya sare ka kamar kana son tuna inda ka san shi, sannan ka kife. Na kareti ba a ma mutuwa. Sama ake tashi, a faɗo kan tebur, a yi ta birgima riƙe da ciki. Wanda ba na so shi ne na yaƙi."

"Me ya sa, Kawu?"

"Kuna jibge a ƙasa cikin hayaƙi kamar buhuna. Ka yi mutuwa mai kyau, ko wadda ta haife ka ba za ta gane ka ba."

Anti ma tana da nata ma'aunin, wato wanki. Ta fi son na kareti, domin babu jan ruwan nan mai danƙo da ba ya fita daga farar riga.

Daga bakinsa na fara jin cewa naushin fim ba ya taɓa mutum. Hannun akta yana wucewa ne da tazarar kamar taƙi ɗaya daga fuska, kyamara kuma tana bayan ɗayansu, ta ɓoye tazarar. Ƙarar da ake ji daga baya ake sa ta. Saboda haka wanda aka nausa shi ne yake yin naushin. In ya juya kai da wuri, an ga ƙarya. In ya makara, an ga ƙarya. Kawu ba ya kallon hannu, ba ya kallon ido. Kafaɗa yake kallo. Da zarar kafaɗar akta ta ɗan nutsa, kansa ya tafi, wuya ya bi, sauran jiki ya biyo baya.

Abin ya bi jikinsa har gida. Anti za ta ɗaga hannu ta kori ƙuda, sai ka ga kan Kawu ya fizge gefe, shayi ya zube. Akwai ranar da ya dawo daga wurin mai aski da wani layi a gefen kai kamar hanyar mota, don mai askin ya ɗaga hannu zai gaida wani.

"Kai dai ko hamma mutum ya yi da ƙarfi sai ka faɗi," in ji Anti.

"Da shi kike cin abinci," in ji shi.

Bayan na gama makaranta na sami aikin rubuta gajeren sharhin fim a shafin ƙarshen mako na wata jarida. Aiki ne da ya dace da ni, don a duhu ake kallon, a kaɗaice ake rubutun. Malamin da ya koya mana ya bar mu da 'yan ƙa'idoji. Ka faɗi abin da fim ɗin ya so ya yi, ka faɗi ko ya yi shi, ka kawo hujja daga abin da ke kan allo. Kada ka ba da labarin duka. Abin da ya faru a bayan kyamara ba ruwanka da shi, don mai kallo bai gan shi ba. Kuma kada ka yi sharhin ɗan'uwanka. Wannan ta ƙarshen ba ta taɓa damuna ba. Kawu yana cikin rabin finafinan da nake kallo, amma kafin in buɗe murfin biro ya mutu. Shi ne ya sa mini suna Malama Mai Sharhi, kuma ba ya kirana da shi sai in yana son tsokana.

Gwiwarsa ta tafi ne a wani fim na 'yan fashi. Aka ce ya faɗo daga saman babbar mota kan kwalayen da aka jera masa. Ashe an yi ruwa da safe, na ƙasan sun jiƙe, suka lotse gaba ɗaya. Faɗuwar ta yi kyau, har an sa ta a tallan fim ɗin. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce zai yi tafiya, zai hau bene a hankali, amma in ya sake irin wannan faɗuwar ko sau ɗaya, sanda ce har ƙarshen rayuwa.

Ya yi watanni a falo, ƙafa a kan kujerar roba. Waya ta daina ƙara. Yaron bos da ba ya faɗuwa ba shi da gurbi, kuma kowa ya san haka, har shi. Wanda bai daina zuwa ba shi ne abokinsa Kwalba, wani gajeren mutum mai sanƙo, sa'ansa a shekaru da sana'a, wanda aikinsa shi ne a fasa masa kwalba ko kujera a ka. Sukan zauna su kalli tsofaffin finafinansu, suna tsayar da hoto daidai inda ɗayansu ya mutu.

"Dubi nan, ka lumshe ido tun ba a harba ba," Kwalba zai ce.

"Kai fa? Gawa ce take gyara wando?"

Wata ranar Asabar da hantsi Darakta ya hawo benen da kansa. Mutum ne mai tumbi da hula hana-sallah juye baya, wanda ya kashe Kawu sau da yawa har ba su san adadi ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon fuskar Kawu kamar mai taya mota.

"Sha-Kashi, ka tsufa da kyau," ya ce. "Furfurar nan, da ɗingishin nan. Bos nake so ka yi mini."

Anti ta fito daga kicin riƙe da ludayi.

"Bos ba ya gudu, ba ya tsalle," Darakta ya ci gaba. "Kujera gare shi da mutane. In ka yi wannan ya karɓu, ka sami abin yi har ka gaji. Amma ba zan ɓoye maka ba, wanda furodusa yake so shi ne Mai Gemu, wanda ya saba fitowa a bos. Na ce a ba ni dama in gwada ka da fitowa ɗaya. In ta yi, naka ne. In ba ta yi ba, Mai Gemu yana gida, wayarsa a kunne."

Fitowar ita ce ta tsakiyar fim. Akta zai kutsa ofishin bos, ya kai masa naushi a fuska da iya ƙarfinsa. Bos ba zai motsa ba. Zai share gefen bakinsa da babban yatsa ya ce, "Ka gama?" Daga nan mai kallo zai san akta ya haɗu da wanda ya fi shi, kuma duk sauran fim ɗin a kan wannan tsoron zai tsaya.

"Shi ke nan?" in ji Kawu. "Tsayuwa kawai?"

"Tsayuwa kawai."

Ranar ɗaukar, Anti ta ce in bi shi in riƙe masa jaka, in kuma tabbatar bai hau komai ba. Wani tsohon siton fenti ne a bayan gari, mai rufin kwano da barandar ƙarfe a sama. A kusurwa aka haɗa ofishin bos: teburin katako mai faɗi, kujera mai juyawa, fanka da ba ta aiki, da labulen da aka rufe tulin bokitan fenti da shi. Wayoyin fitilu sun bi ƙasa ko'ina. An sa wa Kawu baƙar kwat da zobe biyu, mai kwalliya ta ƙara masa furfura a gemu. A bayansa mutum huɗu suka harɗe hannu, Kwalba na ƙarshe. Ni aka nuna mini wani bokiti kusa da ƙaramar talabijin ɗin da Darakta yake kallo, na zauna.

Aktan dogo ne mai faɗin ƙirji, ya girme ni kaɗan, kuma tun yana sabon shiga a jikin Kawu ya koyi naushi. Ya zo ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, yau kai ne oga. A yi mini a hankali."

"Kai dai ka kawo hannun, ɗan nan."

Aka ce akshin. Akta ya banko ƙofa, ya tako zuwa alamar allin da aka yi masa, kafaɗarsa ta nutsa. Kan Kawu ya fizge gefe, kafaɗa ta bi, har ya dafa tebur. A talabijin ɗin naushi ne mai kyau ƙwarai.

"Kat. Sha-Kashi, bos ne kai. Ba a taɓa ka ba."

"Na sani. A sake."

Aka sake. Ya cije haƙora, jijiyoyin wuyansa suka fito, kafaɗar ta nutsa, kan ya tafi. Aka kuma sakewa. A wani karon ya riƙe bakin tebur da hannu biyu, kan ya tafi shi kaɗai. A wani ya yi nasarar tsayar da kan, sai lafiyayyar gwiwar ta lanƙwashe. Da farko dariya ake yi, har mai riƙe da sandar makirfo ya kasa tsayar da ita. Daga baya dariyar ta ƙare. Rana ta daki kwanon, furfurar gemun ta fara narkewa tana gangarowa wuya, mai kwalliya tana zuwa tana gogewa ba ta kallon idonsa.

"Baba, ka ɗauka ni ɗanka ne na yi maka rashin kunya," in ji Akta.

"Ɗana ma in ya ɗaga kafaɗa haka, faɗuwa zan yi."

Darakta ya cire hula ya share kai. Ya ce a tafi hutun cin abinci. Ya ja Kawu gefe, amma siton amsa kuwwa yake yi, kowa ya ji.

"Ba ni da wata ranar a wurin nan. Bayan hutu za mu gwada. In ba ta yi ba, kar ka riƙe ni a zuciya."

Muka zauna mu uku a bayan labulen, a kan bokitai, ni da Kawu da Kwalba. Kawu bai buɗe kwanon abincinsa ba. Kwalba yana ci yana kallonsa, can sai ya kai masa hannu ba zato. Kan ya tafi.

"Kai, wannan wuyan ba naka ba ne, na haya ne."

Ya tashi kamar zai zubar da ruwa, ya zagaya ta baya, ya kai wa ƙeyar Kawu naushin iska. Kawu bai motsa ba, yana kallon takalminsa.

"Ka yi wani abu ne?"

"Na kashe ka ta baya ba ka sani ba."

Kawu ya juyo wurina. "Malama Mai Sharhi, a ilminku, bos yana sa baƙin gilashi a cikin ofis?"

Na ce sau da yawa ma. Yana hana mai kallo karanta idonsa.

"To je ki wurin mai kwalliya ki aro mini. Ki ce don kyau ne."

Na kawo. Ya sa, ya rufe ido a bayan gilashin, ya ce Kwalba ya kawo naushi. Kwalba ya ja ƙafa ya ja numfashi, kan Kawu ya tafi. Ashe ba ido kaɗai ba ne, kunnen ma ya haddace ƙarar takalmi da numfashin da ke zuwa kafin hannu. Aka sake aikena, wannan karon auduga. Ya murza ta ƙanana ya cusa can ciki inda ba za a gani ba. Kwalba ya kawo naushi, ya kuma kawowa, ya haɗa da ƙafa. Kawu yana tsaye kamar ginshiƙin siton.

Kwalba ya zare masa audugar kunne ɗaya. "To makaho kuma kurma, yaya za ka san lokacin magana?"

"Iskar hannun zan ji a fuskata. In ta wuce, in share baki in yi maganata." Ya mayar da audugar, sannan ya ƙara da cewa, "Kar wanda ya gaya musu. Ba na so a ce Sha-Kashi sai da aka toshe shi kamar tulu."

Bayan hutu Kwalba ya rako shi har alamarsa kamar suna hira, ya koma layinsa. Darakta ya ga gilashin ya ce ya yi, a bar shi. Daga inda nake na ga ya leƙa kyamara, ya je wurinsu, ya goge alamar allin Akta da takalmi ya yi wata, ya yi wa Kawu magana ƙasa-ƙasa, ya dafa kafaɗarsa ya dawo. Sai daga baya muka ji abin da ya ce. Tunda kan ba zai juya ba, tazarar za ta fito a hoto, shi ya sa ya matso da Akta rabin taki. Ya ce wa Kawu in hannun ya taho ya ɗan ja haɓa baya kaɗan, yadda ba za a lura ba. Kawu bai amsa ba, Darakta ya ɗauka ya riga ya shiga halin bos ne. Akta kuwa bai damu ba. A duk shekarun da ya yi yana kai wa mutumin nan hannu, bai taɓa samunsa a wurin ba.

Aka ce akshin.

Ƙarar naushin gaske ƙarama ce, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma a siminti. Gilashin ya karkace. Kawu bai motsa ba. Jikinsa kafaɗa ya sani, ba a taɓa koya masa abin da ake yi in hannun ya iso ba. Ya tsaya yadda yake, jini ya tsattsafo a gefen leɓensa, ba mai danƙon nan ba. A hankali ya ɗaga babban yatsa ya share. Wanda kunnensa ke toshe yana jin muryarsa da ƙarfi a cikin kansa, saboda haka maganar ta fito can ƙasa, kusan raɗa.

"Ka gama?"

A talabijin ɗin fuskar Akta ce ta cika rabin hoton. Ya riƙe hannunsa na dama da na hagu, bakinsa a buɗe, ya ja da baya taki ɗaya. Babu wannan a rubuce. Darakta ya daɗe bai ce kat ba, mai kyamara ya ci gaba da ɗauka. Da ya ce kat, mutane suka yo kan Kawu, shi kuma yana nan tsaye, don ba wanda ya gaya masa an gama ta hanyar da zai ji. Kwalba ne ya iso gabansa ya ɗaga hannu zai cire masa gilashin. Daidai lokacin Kawu ya buɗe ido, ya ga kafaɗa. Kan ya fizge gefe.

Akta ya durƙusa yana ba da haƙuri. Kawu ya zaro audugar a gaban kowa, tunda asiri ya riga ya tonu, ya tofar da jini a bokiti.

"Tashi, ɗan nan. Ashe da gaske kana da hannu. Da na ɗauka ni nake yi maka naushin."

Darakta ya mayar da hoton baya ya kalla, ya sake kalla. Bai kira Mai Gemu ba.

Haƙorin ya kwana biyu yana girgiɗi sannan aka cire shi. Anti ta dube shi a cikin 'yar takardar da aka naɗo shi.

"Shekara da shekaru ana kashe ka kana dawo mini da haƙoranka cif. Rana ɗaya ka zama babban mutum, ga abin da ka kawo."

"Girma da kayansa yake zuwa," in ji shi, yana magana ta gefe ɗaya.

Sauran fim ɗin a zaune ya yi shi, yana juya zobe yana ba da umarni. Duk inda za a ɗaga hannu kusa da shi, gilashi da auduga suna aljihun kwat, kuma yanzu ana taɓa masa ƙafa da sanda in lokacin magana ya yi. Saura abu ɗaya, wato mutuwar bos. A rubuce, Akta zai tunkuɗo shi daga barandar ƙarfen nan zuwa ƙasa. Ranar na ga Kawu yana zagaya kwalayen da aka jera, yana danna su da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kai yana auna tsayin. Ya daɗe a gindin matakalar. Sannan ya cire kwat ɗin da gilashin ya miƙa wa Kwalba, ya je ya zauna a kujerar roba.

Kwalba gwanin karɓar duka a ka ne, ba gwanin faɗuwa ba. Aka sa masa gashin furfura, ya hau, aka tunkuɗo shi. Tun yana sama ya miƙa hannu ɗaya yana neman ƙasa, kamar mai sauka daga mota ba ta tsaya ba. Darakta ya ce ta yi, rana ta kusa faɗuwa. Kawu ya tafa tare da kowa.

Da fim ɗin ya fito, editanmu ya ce in rubuta. Na ce bos ɗin kawuna ne. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ba wani abokin aikina wanda bai san komai game da gidanmu ba. Ranar Asabar na hawo da jaridar, Kawu ya ce in karanta masa, wai idonsa ya gaji.

Mai sharhin ya ce labarin ramuwar gayya ne irin wanda aka saba, kuma tseren motar ya yi tsawo. Ya ce abin da ya riƙe fim ɗin shi ne sabon bos, dattijon da ya san amfanin shiru, wanda ya karɓi naushi ko gezau, ya yi tambaya da muryar da ta sa ɗakin kallo ya yi tsit. Ya ce tsoron da ke fuskar jarumin a wurin shi ne wasa mafi kyau da ya taɓa yi. A sakin layi na ƙarshe ya ce abin takaici ɗaya ne: ɗan wasan bai iya mutuwa ba. Ya faɗo yana tare ƙasa da hannu kamar mai tsoron ƙujewa, kuma ya kamata kafin fim na gaba ya nemi wani tsohon hannu ya koya masa.

Anti ta yi dariya har ta zauna a hannun kujera. Kawu ya ce in maimaita wurin. Na maimaita.

"Malama Mai Sharhi, a ƙa'idarku wannan daidai ne?"

Na ce abin da ke kan allo ya rubuta.

"Ya ga hannun ke nan."

"Ya gani."

Ya sa harshe a gurbin haƙorin, abin da ya zame masa ɗabi'a. "To, yana da ido. Ba kowa ke ganin hannun ba."

"In gaya masa ba kai ba ne?"

"Ki gaya masa me? Kwat ɗina ce, gilashina ne. A bar wa bos abinsa."

Wayarsa ta koma yin ƙara. Yanzu bos yake fitowa, wani lokaci babban ɗan sanda mai cin amana, sau ɗaya kuma uban akta, wanda aka harbe a kan gado, ya mutu ba tare da ya faɗo daga ko'ina ba. Ya ce wannan ba mutuwa ba ce, barci ne. Yana hawa benen a hankali, ba sanda. In baƙo ya tambaya, Anti takan ce ya tafi ya sa a kashe mutane.

Bayan mako biyu da fitowar sharhin ya kira mai gyaran firjin da ke ƙasa, suka sauko da katifar, aka ɗaure ta a saman wata tasi. Ya ce in raka ta gidan Kwalba tare da robobin gwiwar, in kuma isar da saƙo kamar yadda ya faɗa, kar in gyara.

Na sami Kwalba a ƙofar gida yana wanke takalmi. Na ce Kawu ya ce a gaishe shi, ya ce kuma tunda shi ne zai riƙa mutuwa a madadinsa, ya riƙa manne hannun a ƙirji har sai bayansa ya taɓa ƙasa, don sunan Kawu ake ɓatawa a jarida. Zai zo ranar Laraba ya gani.

Kwalba ya dubi katifar, ya danna ta da yatsa.

"Ki ce masa ya zo da man zafin," ya ce.